Ginin Ƙwaƙwalwar Yaro: Abin Da Aka Ƙaddara Da Abin Da Aka Ba Mu Amana

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, zan fara wannan magana da wani kuskure nawa, domin gyaran da mutum ya fara daga kansa ya fi saurin shiga zuciya.

Mafarin magana

Shekarun baya wani bawan Allah daga cikin masu salla tare da mu a nan Agadas ya tsayar da ni bayan Azahar. Ya ce an haifa masa ɗa, kuma tun ranar suna mata suka lura da wani fari-fari a tsakiyar ƙwayar idonsa na hagu. Wani ma'aikacin lafiya ya duba ya ce yana ce, ya kamata a yi aiki da wuri. Kakar yaron kuwa ta ƙi, ta ce abin da aka haifi ɗa da shi halittarsa ce, ba a sa wa jinjiri wuƙa. Sai uban ya ce mini: “Malam, in na kai shi, ban yi jayayya da ƙaddara ba?” Na ce masa neman magani halal ne, amma ban ga abin gaggawa ba, ya bi ran tsohuwa, in yaro ya tasa sai a yi.

An yi aikin yaron yana da shekara takwas. Yana ta fita, ido ya yi garau, duk wanda ya dube shi zai ce lafiyayye ne, amma har yau ba ya gani da shi sai dishi-dishi. Likita ya shaida wa uban cewa idon ya gyaru, sai dai wurin da ke karɓar saƙon ido a cikin ƙwaƙwalwa ya riga ya ginu ba tare da wannan idon ba. Rabin amsar da na bayar fiƙihu ne, kuma daidai ne. Ɗaya rabin kuwa magana ce a kan abin da ban sani ba. Wannan ya sa na zauna da likitoci, na karanta abin da ya sawwaƙa, kuma ga abin da na fahimta.

Ƙwaƙwalwa gari ce mai unguwanni

Ka sani, ya kai mai karatu, a saman ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wani ɓawo mai lanƙwashe-lanƙwashe, kaurinsa daga milimita 2 zuwa 4, kuma mafi yawansa hawa shida ne, wani bisa wani. A cikin ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 da ke ƙwaƙwalwa, wajen biliyan 16 suna cikin wannan ɓawo. A ido duk kamarsa ɗaya, amma a aiki ya rarrabu: gani yana can ƙeya, ji yana gefe daura da kunne, taɓawa da motsa gaɓoɓi suna tsakiyar kai, shawara da kame kai kuwa sun fi dogara ga abin da ke bayan goshi.

Magabatan likitocin Musulunci sun hango wani abu na wannan rarrabuwa. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya raba ayyukan tunani tsakanin gaba da tsakiya da bayan ƙwaƙwalwa, ko da yake ya jingina su ga kogunan da ke cikinta, kuma bincike na baya ya nuna aikin yana ga ɓawon. A 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya duba ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ya rasa magana alhali yana fahimtar abin da ake faɗa masa, ya tarar da rauni a wuri guda ta gaban ɓangaren hagu. A 1909 Bajamushe Korbinian Brodmann ya zana taswirar ɓawon, ya sa wa yankunansa lamba har 52. A 2016 kuma wasu masana a Amurka, da na'urorin ɗaukar hoto na zamani, suka ƙidaya yanki 180 a kowane ɓangare.

Mu mutanen Agadas wannan tsari ba baƙo ba ne a gare mu. Tsohon garinmu unguwanni 11 ne, kowace da abin da aka san ta da shi: Katanga ga fadar Sarkin Abzin, Amarewat ga masu ginin tukwane. Masana tarihin garin sun ce lunguna da iyakokin unguwanni sun bi sawun zangunan da kabilu suka kafa tun kafin a ɗora tubali, lokacin da sarauta ta zauna a nan a ƙarni na 15. Wato an shata wuri tukuna, sa'an nan gini ya biyo baya, kuma mazauna ne suka cika kowace unguwa da sana'arta. To, tambayar ita ce: wa ya shata unguwannin ƙwaƙwalwa, kuma yaushe?

Yadda ake aza ginin a cikin mahaifa

Wajen ƙarshen mako na huɗu da shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba, wani siririn bututu yake rufewa a bayan ɗan tayi. Daga gabansa ƙwaƙwalwa za ta fito, daga sauransa kuma lakar gadon baya. Bayan makonni kaɗan sai a fara haifar ƙwayoyin jijiyar ɓawo a can ciki, kusa da kogunan ƙwaƙwalwa, nesa da inda za su zauna. Wani masani mai suna Pasko Rakic ya nuna a farkon shekarun 1970 cewa akwai wasu dogayen ƙwayoyi da suka miƙe daga ciki zuwa waje, kuma sababbin ƙwayoyin jijiya a jikinsu suke hawa. Waɗanda aka fara haifa sukan tsaya a hawa na ƙasa, na bayansu su tsallake su su zauna a sama, har hawa shida ya cika. Duk wanda ya taɓa kallon magina suna taka itatuwan da ke jikin hasumiyar babban masallacinmu, mai tsawon mita 27, domin su yi yaɓe, ya ga misalin wannan hawa da idonsa.

Saɓanin masana: taswira ko wankakken allo

A nan ne masana suka rabu gida biyu. A 1988 Rakic ya ce ƙwayoyin da ke haifar ɓawo suna ɗauke da taswira tun asali, kowane yanki ya san abin da zai zama. A 1989 Dennis O'Leary ya ce ɓawon farko ya fi kama da wankakken allo, kuma saƙonnin da ke shigowa daga ido da kunne da fata ne suke rubuta wa kowane yanki aikinsa. Waɗannan saƙonni sukan yada zango a wani wuri a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus, daga nan su wuce zuwa ɓawo.

Kowane ɓangare ya kawo hujja. A 2001, a Jami'ar Shikago, Elizabeth Grove da Tomomi Fukuchi-Shimogori sun yi aiki a kan wani sinadari mai suna FGF8, wanda yake fitowa daga gaban ƙwaƙwalwar ɗan tayi, yana raguwa yayin da ake nisa zuwa baya, kuma da yawansa ko ƙarancinsa ƙwayoyi suke gane matsayinsu. Da suka ƙara shi a ɗan tayin ɓera, sai iyakokin yankuna suka matsa baya. Da suka sa shi ta baya, inda ba wurinsa ba, sai yankin da ke karɓar saƙon gashin bakin ɓera ya fito sau biyu. Wannan ya tabbatar da cewa akwai shata tun kafin ido ya buɗe.

Ta ɗaya gefen kuma, tun 1988 Mriganka Sur da abokan aikinsa sun karkatar da jijiyar ido ta wata ƙaramar dabba mai kama da tunku, wadda ake kira feret, zuwa hanyar ji, tana jaririya. Sai yankin ji ya soma amsa haske, kuma a 2000 suka nuna cewa dabbar tana amfani da shi wajen gani, ko da yake ganin bai kai na asali kaifi ba. A 1996 kuma aka gano cewa waɗanda suka makance tun suna ƙanana, idan suna karanta rubutun makafi da yatsa, yankin gani na ƙeyarsu yana aiki. Unguwar da mai ita bai zo ba, maƙwabta sun shiga sun raya ta.

Yau mafi yawan masana sun haɗa maganganun biyu. Ƙwayoyin gado su ne suke shata manyan iyakoki a cikin mahaifa, sa'an nan abin da ke shigowa ta gaɓoɓi ya daidaita iyakokin, ya ƙarfafa hanyar da ake bi, ya bar wadda ba a bi ta shafe.

Lokacin da yumɓu yake ɗanye

Abin da ya fi shafar labarin yaron nan shi ne aikin David Hubel da Torsten Wiesel a Jami'ar Harbad a shekarun 1960, wanda ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1981. Sun rufe ido ɗaya na ɗan kyanwa a watannin farko na rayuwarsa. Da aka buɗe, idon lafiya lau, amma ƙwayoyin yankin gani kusan duk sun koma wa ɗaya idon. Da suka yi haka ga babbar kyanwa, ba ta cutu ba. Ashe akwai wani lokaci ƙayyadadde da ido yake kama wurinsa a ƙwaƙwalwa, in ya wuce abin ya yi wuya. Saboda haka ne likitoci suke son a cire yanar da aka haifi jariri da ita a cikin makonni ko watannin farko.

Haka abin yake ga harshe. Bincike ya nuna cewa jariri ɗan wata shida yana rarrabe sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara kunnensa ya fara karkata ga harshen gidansu. Shi ya sa yaron Agadas da ya tashi tsakanin Hausa da Tamashek yake kama su biyun ba wahala, kuma shi ya sa dattijon da ya fara karatu da furfura yake shan fama da mafitar wasu haruffan Larabci. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, a gabatarwar Risala da muke karantawa a zaurukanmu, ya kwatanta koyon ƙuruciya da sassaƙa a jikin dutse. Malamanmu sun san wannan ta hanyar jarrabawa, masana na yau kuma sun ga inda sassaƙar take sauka.

Yankunan ba sa nuna lokaci guda. Na gani da ji da motsi su ne suke fara kammala, na bayan goshi kuwa, wanda ke auna sakamako yana danne fushi, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara ashirin. Ya kamata mai hankali ya lura cewa Shari'a ta ɗauke alƙalami daga yaro har ya balaga, kuma a aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ba a wadatu da balaga ba wajen miƙa wa maraya dukiyarsa, sai an ga shiriyar hankali tare da shi.

Ƙaddara ba ta sauke amana

To, mu koma ga tambayar uban nan. Kalmar “haka Allah Ya yi shi” gaskiya ce, amma sau da yawa mukan faɗe ta a inda ba wurinta ba. Imani da ƙaddara rukuni ne, kuma babu ƙwaya ɗaya da take hawa zuwa mazauninta a cikin mahaifa face da sanin Allah da nufinsa. Sai dai Wanda Ya ƙaddara ginin Shi ne Ya ƙaddara cewa ba zai kammala ba sai da haske ya shiga ido, magana ta shiga kunne, abinci ya isa ga uwa. Waɗannan sabubba suna cikin ƙaddara, kuma a hannunmu aka sa su. Da Allah Ya so, da Ya fito da ɗan Adam a kammale kamar ɗan raƙumi da ke miƙewa ranar da aka haife shi. Amma Ya fito da shi da ƙwaƙwalwar da nauyinta bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ta babba ba, Ya bar sauran ginin ya gudana a kan cinyar uwa da tsakar gidan uba. Aya ta 78 ta Suratun Nahli ta haɗa abubuwan nan: fitowarmu ba mu san komai ba, da baiwar ji da gani da zuciya, da neman godiya. Godiyar ji da gani a wurin jariri kuwa iyayensa ne suke yi masa ita, ta hanyar kiyaye su.

Sayyidina Umar (R.A.) ya warware wannan mas'ala tun da daɗewa. Da ya nufi Sham ya ji annoba ta sauka, sai ya juya da jama'a. Abu Ubaida (R.A.) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Ya amsa masa da misalin mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk gefen da ya kora su, da ƙaddarar Allah ya kora su. Babu makiyayi a Abzin da zai kai garkensa fako alhali ga dausayi, sa'an nan ya ce tawakkali ya yi. Yaya za mu yarda wa ƴaƴanmu abin da ba mu yarda wa raƙumanmu ba?

Hadisin fiɗira da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) shi ma gefe biyu gare shi: akwai asalin da ake haifar kowane yaro a kansa, akwai kuma hannun iyaye da ke juya shi. Hadisin yana magana ne a kan addini, amma darasinsa ya game: an ba ka abu mai asali, kuma za a tambaye ka yadda ka yi da shi.

Abin da ya hau kanmu

Na farko, haƙƙin yaro yana farawa tun yana ciki. Ƙarancin sinadarin ayodin, wanda ke kawo maƙoƙo, yana tauye ginin ƙwaƙwalwar ɗan tayi, kuma ƙarancin sinadarin folik a makonnin farko yana iya hana bututun nan rufewa daidai. Mijin da ya hana matarsa zuwa awon ciki, ko ya ci mai kyau a kasuwa ya bar ta da abin da ya samu, ya tauye wanda ba ya iya kai ƙara. Kuma Shari'a ta sauƙaƙa wa mai ciki ta sha azumi in ta ji tsoro ga kanta ko ga abin da ke cikinta, ta rama daga baya.

Na biyu, a kiyaye guba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka wa a cikin gidaje, kuma da yawa daga waɗanda suka rayu sun tashi da rauni a ƙwaƙwalwa. Tun da aka samu zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, wannan sana'a ta shigo yankinmu. Zaiba da ake kama zinariya da ita, in aka ƙona ta, hayaƙinta guba ne ga ƙwaƙwalwa, kuma ya fi cutar da ɗan tayi da ƙaramin yaro. Neman halal ibada ne, amma kada a daka dutse ko a ƙona zaiba inda mata da yara suke kwana.

Na uku, a gaggauta. Fari a ƙwayar ido, ko harara-garke da ba ta gushe ba, ko jaririn da ba ya firgita da ƙara, ko yaron da ya daina juyowa in an kira shi bayan sanƙarau, duk abin kai wa likita ne a wannan makon. Farin ƙwayar ido wani lokaci ma alamar ciwo ne da ya fi yana haɗari. Yaron da ya kurumce kuwa a fara yi masa maganar hannu da wuri, domin yankin harshe yana buƙatar harshe, ko ta kunne ya shigo ko ta ido.

Na huɗu, a yi wa yaro magana, a amsa masa, a sassauta. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya keɓe fasali a Muƙaddima a kan cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibai, tana koya musu ƙarya da kasala. Mu malaman allo da na madarasa mu ne farkon waɗanda wannan magana ta shafa. Yaro ɗan shekara shida da aka raba da uwarsa, yana kwana da yunwa da tsoron bulala, ana gina masa ƙwaƙwalwa a kan tsoro a daidai lokacin da muke cewa Alƙur'ani muke zuba masa.

Jan kunne

Kada wannan bayani ya zama sandar dukan iyaye. Akwai yaran da ake haifa da naƙasa alhali iyayensu ba su rage komai ba, domin shatar farko ba ta hannun kowa. Wannan jarrabawa ce, mai haƙuri da ita yana da lada, kuma darajar ɗan Adam a wurin Allah ba ta rataya ga kaifin ƙwaƙwalwarsa ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum (R.A.) makaho ne, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya sha wakilta shi a kan Madina.

Kada kuma babba ya yanke ƙauna. A 2010 Stanislas Dehaene da abokan aikinsa sun duba mutanen Burazil da Fotugal da suka koyi karatu da girmansu, suka tarar wurin gane haruffa a ƙwaƙwalwarsu ya farka. Wasu ƙofofi suna ƙuntata da shekaru, amma ƙofar ilimi da ta tuba suna buɗe muddin rai yana jiki.

Sa'an nan ina jan kunnen ƴan'uwana masu wa'azi da kada mu riƙa ɗaure ayoyi a jikin kowane sabon bincike. Masana sun yi saɓani a 1988 da 1989, suka gyara daga baya, kuma za su ƙara gyarawa. Abin da suke aunawa ƙwayoyi ne da sinadarai. Ruhi kuwa, Alƙur'ani ya sanar da mu a Suratul Isra'i cewa yana cikin al'amarin Ubangiji. Mu karɓi iliminsu a inda ya tabbata, mu yi aiki da shi, mu bar Littafin Allah a matsayinsa.

Kammalawa

Yaron nan yanzu saurayi ne, yana salla a sahun gaba, kuma in mun gaisa yakan ɗan karkato da fuskarsa domin ya dube ni da idon dama. Na nemi gafarar mahaifinsa, ya ce ƙaddara ce. Na ce masa haka ne, amma ni za a tambaye ni a kan maganar da na yi ba da sani ba. Saboda haka ina roƙon limamai da malamai, idan aka kawo mana tambayar da rabinta fiƙihu ne rabinta likitanci, mu amsa namu, mu tura mai tambaya ga masu ɗaya rabin tun ranar, domin Allah Ya umurce mu da tambayar ma'abota sani.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya gafarta mana abin da muka yi bisa kuskure da jahilci. Allah Shi ne Mafi sani.